Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Asibitin Ƙashi na Dala



Na rubuto ne a kan 'ya'yanmu masu sikila da ƙugunsu ke mutuwa tun da ƙuruciya. Kun fi ni sanin yadda abin yake: jini ya toshe a ƙananan jijiyoyin da ke shayar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu sannu a hankali, daga baya ya lotsa. Yarinya ta fara kukan ciwo a matsematsi, tsuguno ya gagare ta, a zaman tahiya sai ta miƙe ƙafa gefe. A gida a ce sanyi ne, a shafa man zafi, a leƙa wurin mai ɗori. Ranar da za ta iso gare ku tana dogara sanda, ba abin da ya rage sai sauya ƙugu da na ƙarfe. Ga tsada, ga shi 'yar shekara 20 da wuya ta ƙare rayuwa da aiki ɗaya.

Akwai abin da ake iya yi kafin nan. A 2002, likita Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor a Faransa ya wallafa sakamakon wata dabara: a zuƙo ɓargon majiyyaci daga ƙashin ƙugunsa, a tace shi a na'ura a tattara ƙwayoyin asali masu gina ƙashi, a huda wurin da ya mutu a zuba su. Cikin ƙugu 145 da aka yi wa aikin kafin su lotsa, 9 kacal aka sauya daga baya. Cikin 44 da suka riga suka lotsa kuwa, 25 sai da aka sauya su. Likitocin Salvador a Brazil ma sun gwada ta a kan masu sikila. Har yanzu masana na muhawara kan girman amfaninta, amma sun haɗu a kan cewa da wuri take aiki.

Shi ya sa roƙona na farko ba na'urar tace ɓargo ba ce. Hoton ƙashi da aka saba ba ya nuna cutar a farkonta, sai MRI. Ku haɗa kai da ɓangaren sikila na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na asibitin Murtala, duk yaron da ya yi kukan ƙugu a turo muku shi da gaggawa, a kuma sassauta masa kuɗin hoton.

In kun fara aikin zuba ɓargon, don Allah ku fara shi a matsayin bincike, da yardar majiyyata a rubuce, ana bibiyarsu shekara da shekaru.

Sannan ku fito gidajen rediyo ku yi magana da Hausa. Iyaye suna rikita wannan aiki da dashen ɓargo, alhali wannan aikin ba ya warkar da sikila, ƙugu kawai yake ƙoƙarin ceta. A wannan ruɗanin ne masu tallar allurar da wai ke farfaɗo da mataccen ƙashi suke raba mutane da gonakinsu. Ku kuma gargaɗi mata masu shan “sha ka fashe” don ƙiba: dexamethasone da ire-irensa suna iya kashe ƙugun wanda ma ba shi da sikila.

Wassalam,
Wata mai kishin masu sikila, daga Kano.