Bindigar Kaka Ta Tsufa, Amma Bakinta Bai Mutu Ba

Yau zancen tsohuwar bindiga za mu yi, wadda ake ratayewa a bangon turaka ko a jingine ta bayan ƙyaure, yara su tashi su same ta a nan.

A Beli da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, da wuya ka shiga gidan mafarauta ka rasa ta. Wasu su ce bindigar toka, wasu su ce harba-ka-ruga, domin ta baki ake ɗura ta, kuma harbi ɗaya take yi. In ka kuskure, sai ƙafa. Turawa suna jingina sunanta ga fataken Denmark da suka riƙa sayar da irinta a gaɓar tekun Ghana, daga baya maƙeranmu suka ƙware wajen ƙera tasu. Da ita aka yi farauta, aka kori birai daga gona, kuma har gobe da ita 'yan bindiga ke cika gari da ƙara a hawan Sallah da naɗin sarauta. Duk wanda ya ce a zubar da ita bai san darajar gado ba.

Ba mu kaɗai ke ƙaunar tsohon ƙarfe ba. A Amurka akwai wasan harbi da ƙwallon fenti, wanda aka fara a jihar New Hampshire a 1981 da wata bindiga mai suna Nel-Spot 007, wadda asali an yi ta ne don sa wa bishiyoyi da shanu alama. Yanzu akwai masu tara tsofaffin irinta, waɗanda sai an ja da hannu kafin kowane harbi. Suna kwance su, su goge, su sa mai, su cire tulun iskar kafin su ajiye, kuma ba mai shiga fili ba tare da abin kare fuska ba. Fenti fa kawai take harbawa. To ina ga tamu mai cin albarushi?

Mu ma'aikatan jinya mun san abin da ke biyo bayan bukukuwa: hannu ba yatsu, fuska a ƙone, ido a fashe. Galibi abu uku ne sanadi. Na farko tsatsa, domin ragowar albarushi tana jawo danshi, ta ci bututun daga ciki alhali waje yana sheƙi. Na biyu gasa, saurayi ya ninka ɗuri don tasa ta fi ta kowa amo, sai bututun ya tarwatse a hannunsa. Na uku mantuwa. Maigida ya rasu ya bar ta a ɗure, kuma albarushin da bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekaru. Jika ya ɗauko yana kwaikwayon kaka, ya taɓa kunama, shi ke nan.

Saboda haka, uwargida, ki yi wa maigida wannan magana cikin lalama. A kira maƙeri ko wani dattijo cikin 'yan bindiga ya tabbatar ba ɗuri a ciki. Kada kowa ya leƙa bakinta ko ya hura. A wanke bututun, a busar, a shafa mai da tsumma, musamman kafin damina. Wadda tsatsa ta ci, a bar ta ta zama ta kallo kawai. A kulle ta, albarushi kuma a wani wuri daban, nesa da murhu da hannun yara. Sannan a sani, dokar makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana riƙe ko irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba.

In tsautsayi ya faru, a danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Ƙuna kuwa a kwarara mata ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Ido kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro komai, a kifa ƙaramin kofi a kai a ɗaure. A garzaya asibiti, a tambayi allurar tetanus. Haka ma bindigar roba mai 'yan ƙwallaye da ake saya wa yara da Sallah, ita ma tana lalata ido.

Abu na ƙarshe, ƙarfen da ba a san labarinsa ba tarkace ne. Tun tsofaffinmu na raye, a zauna da su a ɗauki muryarsu a waya: wane maƙeri ya ƙera ta, a wane gari, wane daji ta shiga, mene ne kirarinta. Kayan yaƙin da ke Gidan Makama a Kano ma labarinsu ne ya sa ake zuwa kallo.

Akwai irinta a gidanku? Ku ba mu tarihinta a ƙasa. Allah ya tsare mana zuriya, sai mako mai zuwa.