Kafin a sayi keken ɗinki, a fara duba almakashi

Duk shekara idan yaranmu suka gama jarrabawar BECE, wasu iyaye a zango sukan same ni su ce, "Malam, wannan dai ɗinki za mu sa shi." Ban taɓa hana kowa ba, don ɗinki sana'a ce mai rufin asiri. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa yaro sayayya. Uba zai ci bashi ya sayi keke, ya biya kuɗin masta, sannan da ɗan canjin da ya rage ya tsaya bakin Kejetia ya ɗauki almakashi mai hannun roba. To ni dai a ganina, nan ake yin kuskuren.

Bara wani tsohon ɗalibina, shekararsa ta uku a shago, aka ba shi fugu saƙar Daboya ya fitar da wuya. Kowa ya san fugu: ƙyallaye ne masu faɗin kamar inci 4 da ake haɗawa, kuma inda suka haɗu kauri ya ninka. Almakashin ya kai wurin ya cije, yaron ya danna da ƙarfi, baki ya goce. Wuya ya karkace, ga zare yana warwarewa, kuma rigar ta ango ce. Uban ne ya biya, yaron kuwa sati biyu bai leƙa shago ba saboda kunya. Idan ɗinki ya ɓaci ana farkewa a sake, amma yanka idan ya ɓaci shi ke nan.

Na zauna da teloli da dama a kan wannan, kuma bakinsu ɗaya. Mai aikin fugu, jins, kaki ko tamfol yana buƙatar almakashin ƙarfe zalla, inci 10 zuwa 12, mai lanƙwasasshen hannu. Lanƙwasar ce ke sa bakin ƙasa ya kwanta a kan tebur, yadi bai ɗagu ba balle layin alli ya kauce. A duba mahaɗin kuma. In noti ne, ana iya ɗaure shi in ya saki, ana iya kwance shi a kai wa mai washi. Wanda aka dasa da ƙusa kuwa, ranar da ya saki gyaransa ya fi wuya.

Kuma don Allah kada uba ya je kasuwa shi kaɗai. Ya tafi da yaron, da guntun jins a aljihu. A ninka shi huɗu a yanka tun daga gindi har tsini. In tsinin ya tauna yadi, a ajiye. In yaron bahago ne, a nema masa na bahago, akwai shi. Da na dama ba ya ganin layin da yake bi.

Wani zai ce ai akwai injin yanka na lantarki. Akwai, amma na mai yanka da yawa ne, kuma ranar da aka ɗauke wuta almakashin za a koma wa. Wani kuma zai ce tsada. Gaskiya ne, sai dai araha ba ta ado. Kuɗin fugu ɗaya da aka ɓata ya isa sayen mai kyau, wanda in ana goge shi, ana ɗiga masa man keke, ba a yanka takarda da shi, zai yi shekaru yana aiki.

Keke ana iya samun na hannu, ana iya amfani da na shago kafin Allah ya hore. Almakashi kuwa na mutum ne shi kaɗai, ko masta ba ya ba da aron nasa. Iyaye, mu fara da shi. Allah ya yi wa sana'ar yaranmu albarka.