Shan Magani Ba Raunin Bangaskiya Ba Ne

Akwai wata koyarwa da ta yi kaka-gida a majami'unmu, daga Jos zuwa Kaduna, daga Yola zuwa Sabon Garin Kano, har ta kai wanda ya musa ta ana yi masa kallon mai sanyin ruhu. Koyarwar tana cewa in bangaskiyarka ta cika ba ka bukatar likita. In kuma aka yi maka addu'a ba ka warke ba, to laifinka ne: ko dai kana ɓoye wani zunubi, ko kuwa ba ka "shuka iri" mai tsoka a hannun bawan Allah ba. Ni mai bi ne. Na gaskata Ubangiji yana jin addu'a, yana kuma warkar da cutar da ta gagari likitoci. Wannan bangaskiyar ce ta sa nake cewa koyarwar nan ƙarya ce, kuma tana kai 'yan'uwanmu kabari.

Mu dubi yadda abin yake faruwa. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, in ya riƙe maganinsa da kyau, ƙwayar takan ragu a jininsa har gwaji ya kasa gano ta. Ba ta mutu ba, an dai danne ta ne. Sai a kira shi gaban jama'a ya ɗaga takardar gwaji, a yi guɗa, a ce ya zubar da ƙwayoyinsa don ya nuna ya dogara ga Allah. Bayan 'yan watanni cutar ta dawo, wani lokaci ma ta daina jin maganin da ake danne ta da shi a da. Mai tarin fuka yana bukatar wata shida yana shan magani, amma cikin 'yan makonni yakan ji ƙarfi, kuma a daidai nan ne ake ce masa an karya ƙullin. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Mace mai doguwar naƙuda da aka riƙe a gidan addu'a kwana biyu ana tsawata wa aljanu, in ta tsira da ranta, sau da yawa takan rasa jaririn, ta kuma koma gida da yoyon fitsari. Waɗannan ba sa dawowa ranar Lahadi su ba da shaida. Mai wa'azi ya riga ya naɗe tantinsa ya wuce wani gari, dangi ne suke haƙa kabari.

A ina aka samo wannan koyarwa? Ba a cikin Littafi Mai Tsarki ba. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, ya yi kuka ga Allah, aka ƙara masa shekara 15. Amma annabi Ishaya da ya kawo masa albishirin, shi ne kuma ya sa aka manna masa curin ɓaure a kan marurun. Alkawari da magani a bakin annabi ɗaya suka fito. Luka, wanda ya rubuta mana labarin mu'ujizai masu yawa, likita ne, kuma Manzo Bulus bai taɓa ce masa ya bar sana'arsa ba. Bulus ɗin nan da aka warkar da mutane ta hannunsa, shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikinsa, shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali mala'iku su tare shi, Yesu ya ƙi, ya kira abin gwada Allah. Mai ciwon suga da ya jefar da allurarsa don a ga ƙarfin bangaskiyarsa, daga wannan ƙololuwar ake tura shi.

Su kuma masu cewa duk addu'ar da ba a amsa yadda ake so ba alamar raunin mai yin ta ce, me za su ce game da Bulus, wanda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da yake damunsa a jiki, ba a cire ba? Me za su ce game da Getsamani, inda Ɗan Allah ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba? Addu'a roƙo ce ga Mai Iko Duka, ba umarni ake ba shi ba. Wanda ya yi maka alkawarin cewa lalle za ka warke kafin ƙarshen wata, ya ɗora kansa a kujerar da ba tasa ba. In abin bai faru ba, ya bar majinyaci da nauyi biyu: ga ciwo, ga tunanin cewa Allah ya juya masa baya.

Tarihin ikkilisiya a ƙasarmu ma yana ƙaryata su. Bishara ta shigo arewa da Littafi a hannu ɗaya, akwatin magani a ɗaya hannun. Walter Miller da ya zauna a Zariya likita ne, kuma daga cikin al'ummar da ta kafu a Wusasa aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan arewa, wanda babban asibitin Kaduna yake ɗauke da sunansa. Asibitin Vom ya fara aiki a 1922. A Garkida, inda tushen ikkilisiyar EYN yake, an karɓi kutare a lokacin da danginsu suke gudunsu. Asibitin Galmi da ke Jamhuriyar Nijar yana karɓar marasa lafiya tun 1950, Musulmi da Kirista. Da zazzaɓin Lassa ya ɓulla a 1969, ma'aikatan jinya na mishan ne suka fara mutuwa da shi, kuma a 1970 ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos tana cikin binciken cutar. Waɗannan mutane sukan durƙusa su yi addu'a kafin su shiga ɗakin tiyata. Wa zai iya buɗe baki ya ce bangaskiyarsu ba ta kai ta mai sayar da man shafewa a kwalba ba?

Mu'ujiza ta gaskiya ba ta gudun bincike. Da Yesu ya warkar da kutare, wurin firistoci ya aika su, domin su ne masu duba fata su tabbatar da warkewa a wancan zamani. A Lurdes ta ƙasar Faransa, inda miliyoyin Katolika suke zuwa neman waraka, akwai ofishin likitoci tun 1883 mai bin diddigin duk wanda ya ce ya warke. An kai musu rahoto sama da 7,000, amma waɗanda ikkilisiya ta amince mu'ujiza ce ba su kai 100 ba. Wannan tsantseni girmama sunan Allah ne. Mu kuwa a taron dare ɗaya sai a ƙirga ɗari, ba takardar likita ko ɗaya. Abin ya yi muni har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya ta hana nuna mu'ujizan da ba a tantance ba a 2004. A 2019 duniya ta ga bidiyon wani fasto a Afirka ta Kudu yana "tayar da matacce" daga akwatin gawa, abin da ya zama abin ba'a ga sunan Almasihu. A 2023 kuma aka tono gawawwaki sama da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Duk tushensu ɗaya ne: an ɗaukaka mutum har babu mai iya tambayarsa.

Batun kuɗi kuwa, hukuncinsa a fili yake. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da zafi. Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman bayan ya warke, baransa Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuwa kuturta ya gada. To, da wane ido za mu kalli mai sa wa addu'a farashi, yana karɓe kuɗin da gwauruwa ta tara don gwajin jini?

Za a ce mini talauci ne yake kora mutane gidajen addu'a. Gaskiya ne, kuma ba na zargin uwar da aka ce ta ajiye kuɗi kafin a taɓa ɗanta, ta rasa, ta nufi inda za a saurare ta kyauta. Likitoci suna barin ƙasar, magani ya yi tsada, yajin aiki ba ya ƙarewa. Amma wannan hujja a kan ikkilisiya take faɗawa. Basamariyen nan na cikin misalin Yesu ya wanke raunukan wanda aka yi wa fashi, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin jinyarsa daga aljihunsa. Majami'ar da take iya hayar filin wasa da manyan lasifikoki, tana iya biyan kuɗin tiyatar mace ɗaya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina kira ga shugabannin ikkilisiyoyin ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da sauransu, su faɗa daga kan bagadi, da Hausar da kowa zai ji, cewa ba fasto da yake da ikon hana mutum shan maganinsa. Duk wanda zai ba da shaidar warkewa, a fara tura shi asibiti a duba. Kowace majami'a ta ware wani kaso na baiko domin jinyar marasa hali, zumuntar mata kuma ta tabbatar kowace mai ciki tana zuwa awo. Dattawa su je gefen gadon majinyaci su shafe shi da mai, su yi masa addu'a da dukan zuciya, sa'an nan su tambaye shi ko ya sha maganinsa na yau. Shugaban da ya ga ana cutar tumakinsa ya yi shiru don gudun kada a ce ya taɓa shafaffe, ya sani za a nemi jininsu a hannunsa.