Mai Haƙora da Marar Haƙora

Jama'a, daga Sanyuanli in ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 ka sauka Haizhu Guangchang, 'yar tafiya ce zuwa titin Yide. Can ake jibge busassun fikafikan kifin shak, na miyar biki. Har da na mai kan guduma, wanda IUCN ta sa cikin masu dab da ƙarewa a 2019. Duk haƙoran nan nasa, kwanon miya na neman gamawa da shi, don sai ya kwashe shekaru kafin ya fara haihuwa.

To ga wani marar haƙori ko ɗaya: TR4, ƙwayar cutar da ke shiga saiwar ayaba ta toshe mata hanyar ruwa. A 1996 aka gan ta a Panyu, nan kudu da mu. Takan yi shekaru gommai kwance a ƙasa, feshi ba ya kashe ta. A 2013 ta ɓulla Mozambik.

Ni wallahi ita ta fi ba ni tsoro. Shak sai an bi shi teku da jirgi. Ita kuwa laka a gindin takalmi ta ishe ta guzuri, mu kuma kullum muna hanyar gida da akwatuna.