Wai 'Ya Mace Ba Ta Hawa Dutse?

Yau rigimata da mu iyaye mata ce, don haka wadda ta ji zafi ta yi haƙuri.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajen biki da suna, tun daga nan Kwaciri har cikin Fagge. Da an ce 'yar wance da ke Jami'ar Bayero ta bi ƙungiyar ɗalibai yawon buɗe ido ran Asabar, sai ka ga an taɓe baki, ana tafa hannu. "Yawon buɗe ido ko yawon ta zubar? Me 'ya mace za ta yi a daji?" Shi ke nan an gama da yarinya. Ba wanda ya tambayi ina suka je, da wa suka je, me suka gano.

To ni na ce a bar su su je. Kuma ina da dalili.

Ki tambayi 'yarki daga ina tumatirin da kike jajjage yake zuwa. Za ta ce daga kasuwa. Ba ta san Dam ɗin Tiga ba, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, ba ta san ruwansa ne ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ba, inda ake noman shinkafa da tumatir da rani. Ga Dutsen Dala nan a tsakiyar birni, inda Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda. Mata nawa ne a unguwarmu suka tsufa suna hango shi daga cikin mota, ƙafarsu ba ta taɓa taka shi ba? Wadda ta hau ta leƙo Kurmi da Goron Dutse da ragowar badala da idonta, wallahi ba ɗaya take da wadda ta haddace a littafi don jarrabawa ba. Kuma ita ce gobe za ta yi wa 'ya'yanta hira. Uwar da iyakar saninta soro da bakin rijiya, me za ta ba su?

Na san abin da za a ce: cakuɗuwa da maza, da tafiya ba muharrami. Hukuncin wannan na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Amma ina da tambaya. Ranar da aka cika bas da 'yan mata kai amarya Zariya ko Katsina, suka kwana biyu a gidan da ba mu san kowa ba, ina muharramin? Yarinyar da ake ɗora wa farantin talla ta ratsa Sabon Gari da Kantin Kwari, tana shiga rumfa-rumfa tsakanin ƙarti har magariba, ita wa ke tsaronta? Wannan duk ba mu ga aibunsa ba, don akwai kuɗin kayan ɗaki a ciki. Sai tafiyar wuni ɗaya, da malamai a mota, da sunan kowa a takarda, ita ce ta zama abin kunya. Haba jama'a!

Kuma ba yau mata suka fara tattaki don ilmi a ƙasar nan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai jajis ta naɗa, suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. A ƙafa fa, ba a bas ba.

Kada a ɗauka ina cewa babu haɗari. Akwai shi, amma ba inda muke nuna yatsa yake ba. Mu tuna Bagwai, ƙarshen Nuwamba 2021, da kwale-kwale ya kife a Dam ɗin Watari, mutum sama da ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah Ya ji ƙansu. Waɗannan bayin Allah ba yawon banza suka fita ba. Lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Dajin Falgore ma, da yake wurin kallon namun daji, ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki a 2017. Wannan shi ne abin da uwa za ta tsare 'yarta a kai. Ina za ku? Wane malami ne zai bi ku, akwai mace a cikin malaman? Motar waye, mutum nawa za ta ɗauka? In za a shiga ruwa, akwai rigar kariya? Ƙarfe nawa za ku dawo? In shugabannin ƙungiya suka kasa amsa waɗannan, ki hana, ni ma ina bayanki. Wasu ƙungiyoyin ai kuɗi kawai suke tarawa su cusa yara cikin akwalar mota, ga kiɗa kamar gidan gala. Irin waɗannan su ke jawo wa na kirki zagi.

Ku kuma 'yan mata, kada ku ji na kare ku ku ɗauka lasisi na ba ku. Wadda ta ce Tiga za ta, to Tiga za ta je, ba wani wuri ba. Ki sa takalmin da zai hau dutse, ki bar mai tsini a gida, hijabinki bai hana ki komai ba. Ki riƙe ruwanki da sallayarki, azahar da la'asar kada su wuce ki don ana ɗaukar hoto. In an ce kwana za a yi, kamar tafiya Yankari ta jihar Bauchi, to wannan wata magana ce daban, sai an zauna da Baba, kuma in ya ce a'a, a'a ɗin ce.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wanda ake yi yanzu: ɗa namiji ya ɗau jaka ya tafi, ba mai ce masa uffan, ya dawo yana ba da labarin ruwan ɗumi na Wikki, ƙanwarsa da ke aji ɗaya da shi tana tsugune tana wanke masa takalmin da ya yi tafiyar da shi.