Maroƙi Mai Buroshi: Sarkin Faransa a Bangon Falonmu

A hutun da ya wuce na je Vimtim gaisuwar mutuwa. A kan hanyar dawowa Mubi aka ja ni gidan wani mai hali domin mu sha ruwa, gida sabo fil, wanda ya gina bayan an dawo daga gudun hijira. Ina shiga falo sai idona ya faɗa kan wani ƙaton hoto cikin firam mai ruwan zinari: wani Bature ne tsaye, da tulin gashi har kafaɗa, ya yafa shuɗiyar alkyabba mai jan ƙasa, ya dogara da sanda, ya turo ƙafa gaba kamar mai shirin taka rawa. Na ce, "Yallaɓai, wannan fa wane ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Dakta, wani sarkin Turawa ne, tare da kujerun aka kawo mini shi." Na ce, "To, ina na marigayi Baba?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ya tafi a gudun 2014."

Tun ran nan abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ke bangon nan Sarki Luwi na 14 ne, wanda ya mulki Faransa daga 1643 zuwa 1715. Wani gwanin zane, Hyacinthe Rigaud, shi ya zana shi a 1701, kuma ainihin zanen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. A lokacin sarkin yana da shekara 63, ciwon gaɓɓai ya addabe shi, haƙoransa sun zube, gashin nan kuwa na aro ne. Amma dubi ƙafafun da aka ba shi, sumul kamar na saurayi ɗan shekara ashirin.

Mu da muka tashi cikin kiɗan fada bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Idan Narambaɗa ya wasa Sarkin Gobir na Isa, ya mai da shi giwa ko dutse, babu ɗalibin da zai shiga jarrabawa ya rubuta cewa sarkin yana da haure. Mun san zuga ce, mun san wanda ya ba da doki da riga. To, Rigaud ma maroƙi ne, sai dai shi da buroshi yake roƙonsa. Aikinsa ya fito da kwarjini, ya rufe tsufa, ya kuma kawar da ido daga abin da fada ba ta so a gani. A hoton nan babu alamar yunwar 1693 zuwa 1694, wadda ta hallaka Faransawa fiye da miliyan ɗaya. Babu alamar dokar bayi ta 1685, wadda wannan sarki ya kafa, ta mayar da baƙar fatar da aka kwasa zuwa tsibiran Karebiyan dukiya kamar shanu. Wannan shi ne baƙon da ɗan Afirka ya ba wuri mafi daraja a ɗakinsa, bai ko san sunansa ba.

Su kansu Faransawa roƙon bai daɗe yana cin su ba. A 1787 Élisabeth Vigée Le Brun ta zana Sarauniya Mari Antuwanet zaune cikin 'ya'yanta, domin a wanke sunanta a idon talakawan da suka tsane ta. Shekara biyu bayan nan juyin juya hali ya ɓarke, a watan Oktoba na 1793 aka fille mata kai. Fenti bai hana ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na san wani abokin aiki zai ce, ai fasaha ba ta da ƙabila, kuma hannun Rigaud hannu ne. Ban musa ba. A koyar da shi a aji, a nuna wa ɗalibai yadda ya sarrafa haske a kan ƙyalle, kamar yadda muke feɗe salon makaɗan fada. Batun hukuncin rataya hoto kuwa na bar wa malaman addini, su ne masu fagen. Abin da nake ja da shi shi ne a sayi kirarin wani a liƙa a bango domin a ce an waye, alhali ba a san abin da kirarin ke faɗi ba. Wannan shi ne rawa da bazar wani.

Abin takaici, cutar ta wuce falon attajirai. Da muka ga Turawa suna da fuskokin sarakunansu, sai kunya ta kama mu, muka shiga ƙirƙiro namu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, fiye da shekara ashirin kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto a 1839, amma ga hotuna nan suna yawo a kalanda da wayoyi ana cewa shi ne. Yaro ya gani ya ɗauka tarihi ne. Mutumin da ya bar mana littattafai da waƙoƙi masu ɗimbin yawa, me zai yi da fuskar aro?

In ana son ganin mai mulki ba tare da kwalliyar maroƙi ba, ba sai an je Faris ba. Nan arewa da mu, Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, aka buga fassararsa da Ingilishi a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, har da Sukur, da yawan bayin da aka kamo masa, kamar mai ƙirga riba a kasuwa. Babu firam, babu ruwan zinari, amma duk wanda ya karanta ya ga mutumin sarai. Ɗalibai nawa a cikinmu suka taɓa buɗe shi? Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna zaune tare da mu a aji guda.

Sa'an nan ga asarar da muka gani da idonmu. A ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, suka shiga Vimtim, jama'a suka watsu cikin duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin hotuna. An sake gina gidaje, an sake sayen kujeru, amma hoton kaka guda ɗaya da aka ɗauka ranar wani biki ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Luwi na da gidan tarihi da masu gadi. Tsohon Vimtim da ya ga ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta haɗa wannan yanki da Nijeriya, wa ke gadin fuskarsa da labarinsa? Yau ya haura shekara saba'in, gobe kuwa ta Allah ce.

Saboda haka ina kira ga wannan sashe namu da ya daina jiran tallafi daga waje. Kowane ɗalibi yana da waya a aljihu. A wajabta masa, a hutun ƙarshen zango, ya zauna gaban dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya a garinsu, Fali ne ko Gude ko Bafillace ko Bahaushe, ya nemi izini, ya ɗauki hoto da murya, ya rubuta suna da unguwa da rana. A adana kwafi a sashe, a mayar wa iyalin kwafi. A bar dattijon da tamojinsa da giɓinsa, kada a gyara masa komai, domin shaida muke nema.

Shi kuwa mai masaukina, ban ce ya jefar da hotonsa ba, kuɗinsa ya sa. Na dai gaya masa ko wane ne, na kuma ba shi shawara ya bi gidajen dangi ko Allah zai sa a dace da hoton Baba a wurin wata gwaggo. Ya ce zai bincika. Allah ya sa a samu, amin.