Tobey, Andrew ko Tom Holland: Wane Spider-Man Ne Zai Iya Rayuwa a Chikaji?

A shagunan cajin waya na Chikaji, idan aka ɗauke wuta da daddare janareta ya kama ruri, hira biyu ce ke cin kasuwa a kan benci: ƙwallo da fim. A ɓangaren fim kuwa akwai musun da ya ƙi ƙarewa tun da Spider-Man: No Way Home ya fito a watan Disambar 2021, ya haɗa jarumai uku a fage ɗaya. Tsakanin Tobey Maguire da Andrew Garfield da Tom Holland, wa ya fi?

Yawanci shekarun mai magana ne ke ba da amsa. Wanda ya tashi da faifan CD yana tare da Tobey. Wanda ya fara kallo a mamori, ana tura masa ta Xender, ya fi sanin Andrew. Ƙannensu da suka buɗe ido da TikTok na bayan Tom. Wannan son zuciya ne kawai. Akwai ma'aunin da ya fi adalci: me jarumin ke iya yi da ɗan abin da ke hannunsa? Tun da Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro Peter Parker a 1962, ɗan talaka ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Bahaushe ma ya san haka tun daga tatsuniya: Gizo bai taɓa kayar da giwa da ƙarfi ba, sai da dabara.

Tobey, wanda ya fito a finafinai uku na darakta Sam Raimi a 2002 da 2004 da 2007, shi ya fi nuna talaucin Peter. A fim na biyu yana kai fiza gida-gida a kan ƙaramin babur har aka kore shi saboda latti, mai gida na binsa kuɗin haya, karatunsa na jami'a na tangal-tangal. Ɗalibin ABU da ke haɗa lacca a Samaru da neman na abinci zai ga kansa a nan. Sai dai saƙar Tobey daga jikinsa take fita. Kyauta ce ya samu, bai ƙera komai ba.

Tom Holland ya fara da kyau. A Captain America: Civil War na 2016 an nuna shi ya shigo gida da tsohuwar na'urar DVD da ya tsinto, yaro mai haɗa kayan lantarki daga bola. Amma nan take attajiri Tony Stark ya shagwaɓa shi da riga mai ƙirƙirarriyar basira wadda ke magana da shi. A Far From Home na 2019 ya gaji tabarau mai suna EDITH da ke sarrafa rundunar jirage marasa matuƙa, sai ya miƙa shi ga Mysterio saboda daɗin baki. Daidai yake da mutum ya ba ɗan damfara lambar sirrin bankinsa don ya kira shi da murya mai taushi. Sai a ƙarshen No Way Home, da kowa ya manta da shi ya koma ɗakin haya ya ɗinka rigarsa da kansa, Tom ya zama Peter na gaske.

Saura Andrew, wanda aka fi rainawa, alhali shi ya cancanci kambun. A The Amazing Spider-Man na 2012 ana ganinsa a ɗakinsa yana harhaɗa na'urar harba saƙa da hannunsa. A fim na 2014, da Electro ya ƙona masa na'urar da wutar lantarki, sai ya buɗe YouTube, ya tara batura, ya yi ta gwaji suna fashewa, har Gwen Stacy ta ba shi shawarar amfani da maganaɗisu. Duk mai gyaran waya a Sabon Gari da ya koyi canza sikirin daga bidiyo, ya ƙona allon waya ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya faɗa, ya san wannan hanyar.

Masu adawa za su ce finafinansa ne suka fi rauni, kuma suna da gaskiya. Na 2014 ya cika da miyagu har labarin ya rasa alƙibla, Sony kuma ta fasa yin na uku. Amma laifin marubuta ne da kamfani. Wanda ke shakkar iya wasan Andrew ya sake kallon fuskarsa a No Way Home bayan ya cafe MJ tana faɗowa, abin da ya kasa yi wa Gwen. Bai yi dogon bayani ba, hawayensa sun isa.

Musun ya wuce fim. Matasa da yawa na jinkirta koyon gyaran bidiyo ko zane ko rubuta manhaja wai sai sun mallaki iPhone, wasu har da cin bashi, alhali Tecno ko Infinix da ke aljihunsu na iya buɗe CapCut da Canva da darussan YouTube. Tony Stark ba zai biyo ta Chikaji da jakar kayan aiki ba. Wanda ya zauna jiransa zai daɗe a kan benci, yayin da abokinsa mai fasasshen sikirin ya riga ya fara karɓar aiki.